Gargaɗi ga masu sauka Kwatano da Lome: ku kiyayi masu tallar "yawon dare bakin teku"

Alhazai da samarin Maradi masu zuwa ɗauko kaya ko mota, akwai wata damfara da ke yawo a rukunonin WhatsApp da Facebook. Jarinta guda ne: mai yin ta yana jin Hausa. Baƙon da ya gaji da hanya, ya ji an ce masa "sannu da zuwa, Alhaji" a garin da ba ya jin Fon ko Mina, sai ya saki jiki.

Ga yadda take tafiya. Ana sa hotunan ɗaki mai kallon teku, da teburin kifi gasasshe a Fidjrossè, bakin tekun Kwatano, ko bakin ruwan Lome, da kiɗa, da shiga kwale-kwale bayan isha'i. A ce duka kuɗi kaza ne, amma ka fara turo rabi kafin alƙalami don a riƙe maka wuri, "saura ɗaki ɗaya". Wasu daga nan suke toshe lambarka, kuma wanda aka yi wa haka ya tsira da sauƙi. Waɗanda suka fi ƙwarewa su ne masu zuwa tarbarka.

Ɗan rakiyar zai kai ka wurin da yake da kamasho. Ba za a kawo takardar farashi ba, ko a kawo wadda kuɗin kifin na giram 100 ne, kai kuma ka ɗauka na kifin duka ne. Kifi mai kilo ɗaya da rabi ya zama ninki 15 ke nan: abin da ka ga an rubuta jaka ɗaya ya koma jaka 15. Sai wasu "abokai" biyu ko uku su zauna a teburinka su yi ta oda, duk a kanka. Lokacin biya, ɗan rakiyar ya fita amsa waya, masu gadin ƙofa kuma sun matso. Mafi muni shi ne idan an turo mace ta zauna kusa da kai aka ɗauki hoto. Sun san mutumin Maradi ya gwammace ya rasa kuɗin mota da hoton nan ya isa gida, shi ya sa ba safai ake kai ƙara ba.

Akwai ƙaryar da ake ganewa tun daga gida. Kuɗin Benin da na Togo sefa ɗaya ce da tamu, don haka duk wanda ya ambaci "kuɗin canji" ya tona kansa. Lambar Benin tana farawa da +229, kuma tun ƙarshen 2024 ta koma lamba 10 mai 01 a gaba. Ta Togo +228 ce. Otal ɗin da ke Kwatano amma ya ce a tura kuɗi ga sunan wani mutum a lambar +227, ba otal ba ne. Batun kwale-kwale kuwa, igiyar ruwan gaɓar nan tana da ƙarfi, ko da rana tana cin masu wanka. Yawon ruwan da aka sani shi ne na Ganvié, garin kan ruwa da ke tafkin Nokoué kusa da Kwatano, daga Abomey-Calavi ake tashi, kuma da rana ake yin sa.

Wani lokaci wasan yana ƙarewa da mutum mai kayan gida da zai ce shi jandarma ne, a sasanta a nan kafin a tafi ofis. Benin ta haɗe jandarmomi da ƴan sanda tun 2018, rundunar ɗaya ce, Police Républicaine. A Togo akwai jandarma, amma ko a can ka nemi katin aikinsa, ka ce a tafi komisariya. Na ƙarya ba ya son jin wannan kalma.

Masauki dai ka nema ta hannun mai masaukinka na Zongo ko wanda ke fitar maka da kaya daga tashar jirgin ruwa, ka biya bayan ka ga ɗakin, ka karɓi resi. A wurin cin abinci a auna kifin gabanka, a faɗi kuɗinsa duka kafin ya hau wuta, kuma kowane abin sha ka biya da zuwansa, a buɗe kwalbar kana gani. Kuɗin saro kaya ba su da aikin yi a bakin teku. Jaka 10 zuwa 15 sun ishi dare, katin ɗan ƙasa kuma ka riƙe kwafinsa. Kabu-kabun Kwatano, da suke kira zem, rigarsu rawaya ce mai lamba a baya. Ka tsayar da naka da kanka, ka tura lambar ga abokin tafiya, kada ka hau wanda ɗan rakiya ya kira maka.

Wanda ya riga ya tura kuɗi ya ajiye resin da hotunan hirar da lambar da aka ba shi, ya kai komisariya a nan Maradi kafin su goge shafin su buɗe wani da sabon suna.