Daga Amurka: bindigar liba mai ƙaramin harsashi, arharta da inda take ba da matsala

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, musamman mafarauta da masu gadin gonaki da suke yawan tambayar mu mazauna Amurka wace irin bindiga talakan ƙasar nan yake fita daji da ita. Cikin waɗanda aka fi gani a hannun manomi da ɗansa akwai wata 'yar bindiga mai liba, mai cin ƙaramin harsashin da ake kira .22 LR. Da ita ake harbin kurege da zomo, da ita ake koya wa yaro saiti. Sabuwa fil kuɗinta yana tsakanin dala 300 da 400, wato abin da leburan nan zai iya haɗawa cikin mako guda.

A bayan kunama, ta ƙasa, akwai wani zoben ƙarfe mai tsawo da yatsu uku suke shiga, shi ne libar. In ka tura shi ƙasa, ƙarfen da ya toshe bayan bututu sai ya ja baya, ya fizgo kwanson da aka harba ya cilla shi gefen dama, ya kuma ɗana guduma. In ka dawo da shi, sabon harsashi ya hau ya shige mazauninsa. Sauran harsasan suna jere cikin wani siririn bututu da ke kwance a ƙarƙashin babban. Wanda ya san wahalar adaka, a auna albarushi, a danna tsumma, a zuba dalma, a sake dannawa kafin a samu harbi ɗaya, zai gane darajar harbi goma sha biyar ba tare da an sauke bindiga daga kafaɗa ba.

Arhar tana farawa ne daga harsashin. Kamfanin Stevens ya fito da shi a 1887, kuma har gobe ma'auninsa ɗaya ne, ko kamfanin CCI ne ya yi shi, ko Federal, ko Aguila na ƙasar Meziko. Kaurinsa milimita 5.6, dalmarsa wajen giram 2.6, yana gudun mita 330 zuwa 380 a daƙiƙa. Kwali mai guda 500 ake saye, kowane ɗaya yana faɗowa a kan santi shida zuwa goma. Ba ya naushin kafaɗa, ƙararsa kuma ba ta kai ta manyan bindigogi ba, ko da yake toshe kunne wajibi ne. Kada ƙanƙantarsa ta ruɗi kowa: a jikin kwalin an rubuta gargaɗi cewa yana da haɗari har nisan mil ɗaya da rabi. Iyakar amfaninsa na gaskiya dai yadi 50 zuwa 75 ne. In aka daidaita saiti a yadi 50, kafin ya kai 100 ya sauka da kusan inci shida. Yawancin jihohi sun hana harbin barewa da shi, domin raunata ta yake yi ta gudu ta mutu a banza.

Wadda ta mamaye kasuwa ita ce H001 ta kamfanin Henry, da aka fara sayarwa a 1997. Asalin ƙirarta ta kamfanin Erma na Jamus ce, amma a Amurka ake yin ta, a jihar Wisconsin. Nauyinta bai kai kilo biyu da rabi ba, ƙotarta katakon walnat ne mai kyau, tana ɗaukar harsashi 15, ko 21 in gajeren samfurin da ake kira Short ne. Abin da masu ita suka fi yabo shi ne laushin libar, tun ranar farko da yatsa biyu ma sai ta motsa. Inda aka rage kuɗi kuma ba ɓoyayye ba ne. Cikinta, inda kayan aikin suke zaune, gamin tutiya ne da aka zuba a mazubi, murfin da ya rufe shi kuma fenti aka yi masa. Fentin yana ƙarcewa, in ya ƙarce fari ya fito, kuma maganin baƙanta ƙarfe ba ya kama shi. Wasu suna raina ta saboda haka, ni kuwa ban ga abin raini ba, domin bututun da ƙarfen toshe bayansa, waɗanda su ne suke ɗaukar ƙarfin harbi, ƙarfe ne na gaske, ƙaramin harsashin nan kuma bai isa ya gajiyar da tutiyar ba.

Abokiyar gasarta ita ce Rossi Rio Bravo ta ƙasar Brazil, wadda ta shigo a 2020. Ta ɗan fi arha, ita ma 15 take ci, kuma tana da maɓallin kulle kunama, abin da Henry ba ta da shi. A Henry sai dai a ɗan ja guduma baya kaɗan ta tsaya a matakin tsaro. Masu Rossi sukan ce libar tana da tauri da farko, sai an harba 'yan ɗaruruwa take sakin jiki. Akwai kuma Chiappa LA322 ta Italiya mai rabuwa gida biyu don shiga jaka. Mai son ƙarfe zalla sai ya ninka kuɗi ya sayi Browning BL-22 da ake yi a Japan, ko ya nemi tsohuwar Marlin 39A ko Winchester 9422 a hannu na biyu, inda sau da yawa tsohuwar ta fi sabuwar Henry tsada.

Yawancin ƙorafin da ake yi cewa bindiga ta cije, daga hannun mai ita ne. Sabon shiga yana tausaya wa libar, ya tura ta rabi ya dawo. Harsashin bai gama hawa ba, sai ya karkace ya tokare bakin mazauni, dalmar ta lanƙwashe. Ana tura liba ne har ta buga ƙarshe, a dawo da ita da ƙarfi ɗaya. In ya riga ya cije, kada a tilasta: a juya bakin bindiga inda babu kowa, a buɗe libar, a zaro harsashin da ɗan tsinke, a jefar da shi.

Ƙin tashi kuma yawanci laifin harsashi ne. Sinadarin da ke tayar da wutarsa a cikin leɓen gindin kwanso aka zagaya shi, allurar bindiga tana matse leɓen ne ya kama. A harsashi mai arha wani lokaci sinadarin bai zagaye duka ba, allura ta sauka a inda babu komai. In aka ji ƙyas babu ƙara, a riƙe saiti yadda yake na daƙiƙa 30, domin wani yakan makara kafin ya tashi, sannan a fitar da shi. In shatin allurar ya fito sosai a leɓen, harsashin ne bai da kyau. In shatin ɗan kaɗan ne, datti ya cika hanyar allura ko mazaunin. Saboda wannan ƙira ne kuma ba a son yawan danna kunama babu harsashi: allura tana iya dukan gefen mazaunin ta yi masa kunne, daga nan kwanso ya daina fita.

Harsashin .22 yana da ƙazanta, domin kakin zuma-zuma ake shafa wa dalmarsa. Wanda ya yi ta harba gajeren samfuri zai tara zoben baƙin toka a cikin mazauni daidai inda gajeren kwanson yake ƙarewa, ranar da ya koma dogo sai ya ƙi shiga ko ya ƙi fita. Burushin tagulla da ɗan man wanke bindiga suna cire shi. Bayan harbi kamar dubu ɗaya ya kamata a buɗe ciki. A Henry, sukuru ɗaya ne yake riƙe ƙota, huɗu suna riƙe murfi, biyu a kowane gefe. A yi amfani da sukundireba da ya cika bakin sukurun daidai, a goge da tsumma, a ɗiga mai kaɗan a inda ƙarfe yake gogar ƙarfe. Mai da yawa yana haɗuwa da toka ya zama kwaɓa. Wajen mayarwa kada a ɗaure da ƙarfi, domin zaren da ke cikin tutiya yana lalacewa da wuri.

Abin da ya fi damuna, wanda nake so kowa ya riƙe, shi ne wajen ɗurawa da saukewa. Ana murɗa kan siririn bututun tagulla da ke cikin bututun harsasan a jawo shi waje, a zuba harsasai ta wata kafa, gindi yana fara shiga. Hannu yana kusa da bakin bindiga a lokacin, saboda haka dole mazauni ya kasance wayam, guduma kuma ba a ɗane ba. Wajen saukewa, mutum ya zare bututun ya zazzage harsasai, ya ɗauka ya gama, alhali sau da yawa guda ɗaya yana maƙale a kan abin da ke ɗaga shi zuwa mazauni. A motsa libar sau uku ko huɗu, sannan a leƙa da ido. Bututun tagullar nan kuma siriri ne, in aka taka shi ko ya lotsa, harsashi ba zai ƙara tafiya daidai ba.

A nan ne bambancin nan da gida yake fitowa. A wajenmu in sifirin ɗin adaka ya karye, maƙeri zai sare wani daga tsohon ƙarfen mota, kuma basirarsa abin jinjina ce, amma babu bindigogi biyu da ma'auninsu ya zo ɗaya, babu kuma wanda ya gwada ƙarfin bututun kafin a ɗora shi a kafaɗa. Shi ya sa muke da masu guntulallun yatsu a cikin mafarauta. A nan kowane ƙaramin ƙarfe yana da lamba. Bututun tagulla ya lotsa, ka yi oda, ya iso ta gidan waya, ya shiga daidai babu goge-goge. Henry tana ba da garanti na tsawon rayuwar bindigar, kuma masu ita da yawa suna shaidar cewa an gyara musu kyauta. Wannan tsayawa a bayan kaya shi ne dalilin da ya sa zan ce wa mai saye ya ƙara 'yan dalolin ya ɗauke ta. Har ila yau, tun 1937 dokar Pittman-Robertson ta sa harajin da ake karɓa a kan dogayen bindigogi da harsasai, wanda daga baya ya zama kashi 11 cikin ɗari, yana tafiya ga jihohi don kula da namun daji. Da dazuzzuka irin su Falgore da Kamuku suna da irin wannan mashigar kuɗi, da ba a kai inda ake yanzu ba.

Saye ma yana da ƙa'ida. A kanti mai lasisi ana cike takarda mai lamba 4473, a nuna katin shaida, a tura sunanka ga hukumar FBI ta bincika. Dokar tarayya ta sa shekara 18 ga doguwar bindiga, wasu jihohi sun ɗaga zuwa 21. Mai takardar zama ta dindindin yana iya saye. Ɗalibi ko baƙo mai biza an hana shi, sai in ya cika wasu sharuɗɗa kamar riƙe lasisin farauta. Saya wa wani da sunanka babban laifi ne.

Masu cewa a saka musu ɗaya cikin kwantena tare da mota, don Allah ku yi haƙuri ku daina. Fitar da bindiga ko harsashi daga Amurka sai da izinin Ma'aikatar Kasuwanci, wanda ya tsallake wannan ɗaurin shekaru ne yake jiransa. A Najeriya kuma Dokar Makamai ta 1959 ta ba kwamishinan 'yan sanda na jiha ikon hana riƙe ko da adaka sai da lasisi, irin wannan kuwa sai da lasisin Sufeto Janar, shigo da ita ma da izininsa daban. Ko da ta tsallake kwastan, da wuya ka samu kantin da zai sayar maka da harsashinta ta halal, ko inda za ka samu allura ko bututun tagulla ranar da suka lalace.