Sharhi: kwanan ɗakin haɗaka a Alƙahira da fita zuwa dalar Giza da jakar goyo

Mutanen Kano sun san Alƙahira ta hanyar jinya, ko karatu a Azhar, ko saro kaya. Wanda zai je ganin gari kawai, da jaka ɗaya a bayansa, ya kwana a masaukin matafiya mai arha inda ake haɗa mutum shida ko takwas a ɗaki guda, bai cika samun mai yi masa bayani ba. Na gwada irin wannan masauki a tsakiyar birnin, kusa da dandalin Tahrir, na kuma gwada fitar da masu masaukin ke shiryawa zuwa Giza, inda manyan dalolin dutse na sarakunan tsohuwar Masar suke. A ganina gadon ba abin yabo ba ne, fitar da suke shiryawa kuma gara a bar musu abarsu, amma mutanen da za ka tarar a ɗakin sun isa dalilin zama a wurin.

Shiri daga gida ba shi da yawa. Biza ana nemo ta ne tun kafin tafiya, kuma kada a manta da katin shaidar allurar shawara, domin ana tambayarsa ga wanda ya fito daga Najeriya. EgyptAir na tashi kai tsaye daga filin jirgin Malam Aminu Kano, tafiyar awa huɗu zuwa biyar. Naira ba ta da amfani a can, sai ka canzo dalar Amurka a Wapa, sababbin takardu marasa yagewa ko rubutu, ka haɗa da ƙanana. Soket ɗinsu mai rami biyu ne zagayayyu, cajarmu mai ƙafa uku ba ta shiga, don haka ka sayi adafta a Farm Centre kafin ka tashi.

Jakar ita ce rabin tafiyar. Mai lita 40 ta wadatar, kuma tana shiga jirgi a hannu idan nauyinta bai wuce kilo 7 zuwa 8 ba. Ka nemi wadda ake buɗewa gaba ɗaya kamar akwati, domin mai baki ta sama sai ka zazzage komai kafin ka kai ga abin da ke ƙasa, kuma a ɗakin da mutane ke barci wannan ba ƙaramin takura ba ne. Kawunan zif ɗinta su zama biyu masu haɗuwa, yadda ƙaramin kwaɗo zai kama su. Ta kasance da ɗamarar ƙugu mai kauri, saboda ƙugu ne ya kamata ya ɗauki nauyin, kafaɗa riƙewa kawai take yi. Idan gwanjo za ka saya a Ƙofar Wambai, wuri uku za ka duba: ka ja zif daga farko har ƙarshe sau da yawa, ka ja hannayen da ƙarfi ka ga ɗinkin inda suka haɗu da jikin jakar, sannan ka shafa cikinta. In ka ji danƙo ko ka ga rufin ciki yana ɓarewa kamar dusa, ta tsufa, za ta ɓata maka tufafi. Shadda mai sitaci ba kayan wannan tafiya ba ce, tana da nauyi kuma tana fitowa a cukurkuɗe. Yadi marar nauyi kala uku, wanda za ka wanke da dare ya bushe kafin safiya, ya fi.

Irin waɗannan masaukai yawanci a hawa na sama suke, cikin tsofaffin benaye masu lif mai ƙofar ƙarfe. Gadajen masu hawa biyu ne, ka roƙi na ƙasa tun wurin yin rajista, musamman in za ka tashi Asuba, don kada saukowarka ta girgiza na ƙasa. Kafin ka ajiye kaya, ɗaga zanin gado ka duba ɗinkin gefen katifa. Ɗige-ɗige baƙaƙe alamar kuɗin cizo ce, ka nemi canjin ɗaki nan take, kuma ko babu kada ka ɗora jaka a kan gado. Ana ba kowa loka, amma kwaɗon naka ne, kuma sau da yawa ba ta cin jaka gaba ɗaya, sai fasfo da kuɗi da waya. Abin da ya fi damuna shi ne ƙara. Ɗakin da tagarsa ke kallon titi ba ya yin shiru, hon ɗin motocin Alƙahira har tsakar dare. Ka zaɓi na ciki ko da ya fi duhu. Ruwan zafi daga ƙaramin tanki yake, mutum biyu ko uku suka yi wanka ya ƙare, wanda ya riga kowa tashi shi ke morewa. Ta fuskar tsarki babu matsala, bayan gidansu akwai tiyon ruwa. Wurin salla ne ƙunci, amma masallatai ba su da nisa, kuma alƙibla daga can kudu maso gabas take, kada ka bi sabon gida. Mace ta tabbatar akwai ɗakin mata zalla kafin ta biya. Wasu baƙin suna shan giya a falo da dare, wanda ba zai iya zama kusa da haka ba ya san da wannan.

A falon nan da wurin karin kumallo ake samun abokan tafiya, kuma ba sai ka iya dogon Turanci ba. Tambaya ɗaya ta isa: gobe ina za ku? Amfaninsu a fili yake. Mutum huɗu sun cika mota ɗaya ta Uber, kuɗin ya rabu huɗu. Yanzu wuraren tarihi da yawa a Masar da kati ake sayen tikiti, ba sa karɓar tsabar kuɗi, katin nairarmu kuwa ba abin dogaro ba ne a waje. Abokin da katinsa ke aiki sai ya biya maka, ka ba shi fam ɗin Masar a hannu. Masu talla da masu raƙuma ma sun fi matsa wa wanda suka gani shi kaɗai. Sai dai a yi magana tun da dare: ƙarfe nawa za a fita, nawa kowa zai iya kashewa, wa zai shiga cikin dala, wa ba zai shiga ba. Rashin wannan shi ke raba rukuni a tsakiyar rana, ɗaya na son raƙumi, ɗaya ya gaji, mota kuma ɗaya ce. Zumunci kuma yana da iyaka. Ba a ba da rance, ba a ba kowa ajiyar fasfo, ba a karɓar saƙon kowa a saka a jaka, komai kirkinsa.

Fitar da masaukin ke shiryawa ita ce ban yaba ba. Direban yakan tsaya a shagon turare da na takardar fafirus, wato takardar Misirawan dā, inda yake da la'ada, sanyin safiya ya wuce a banza. Wani kuma ya sauke ku wurin masu dawaki a ce ba a shiga da ƙafa, alhali ana shiga. Ku kira motarku, ku ce a kai ku ƙofar sayar da tikiti. Tun 2025 an buɗe sabuwar mashiga ta hanyar Fayyum, da motocin bas da ke zagayawa da baƙi a cikin filin. Ku isa da zarar an buɗe. Babu inuwa, don haka kowa ya riƙe ruwa aƙalla lita biyu, da hula, da takalmi rufaffe. Babbar jaka ta zauna a masauki. Disamba zuwa Fabrairu ya fi daɗi, Yuni zuwa Agusta rana ba ta da sauƙi.

Wurin kam ya cancanci wahalar. Siffar ita ce ta dalar gyadar da iyayenmu ke ba da labari, amma nan duwatsu ne, kimanin miliyan 2.3 a dalar sarki Khufu kaɗai, waɗansu a layin ƙasa sun kai ƙirjin mutum. An gina ta kusan shekara 4,500 da suka wuce, tsayinta na asali mita 146, yanzu wajen 138. Ta sarki Khafre ce ke yaudarar ido, ana ganin kamar ta fi tsayi saboda tana kan tudu kuma ragowar sumul ɗin rufinta na nan a ƙololuwa. Ta sarki Menkaure ƙarama ce a kansu. Gunkin nan mai jikin zaki da kan mutum, wanda Misirawa ke kira Abul Haul, tsawonsa mita 73. Hawa dala haramun ne a doka. Mai raƙumi kuwa a gama ciniki da shi kafin a hau: nawa, da wane kuɗi, zuwa ina, har da saukowa. Wanda ya miƙo maka abu ya ce kyauta ne, kada ka karɓa, ka ce "la, shukran", wato a'a, na gode, ka wuce.

Shiga cikin dalar Khufu tikitinsa daban ne, kuma ya fi na ƙofa tsada. Ana shiga ta ramin da ake dangantawa da Halifa Ma'amun na Abbasiyawa, sai wata hanya mai hawa wadda tsayinta bai fi mita ɗaya da kaɗan ba, a sunkuye ake bin ta kusan mita 40, masu saukowa na goga ka. Daga nan sai dogon zaure mai tsayin sama da mita 8, sannan ɗakin sarki. Abin da ke ciki akwatin dutse ne marar murfi, babu komai a cikinsa, babu zane a bango, ga zafi da ƙarancin iska. Mai ciwon gwiwa ko baya ko asma ya haƙura, ya tsare wa abokai kayansu a waje.

Da yawa daga cikinmu gawar Fir'auna suke son gani, kuma ba a Giza take ba. Tun 2021 aka mayar da gawawwakin sarakunan, har da Ramsis na biyu, gidan tarihin wayewar Masar da ke Fusɗaɗ, tsohuwar unguwa a Alƙahira. A ware masa rana daban, a haɗa da masallacin Amru ɗan Asi da ke unguwar, wanda shi ne masallaci na farko a Masar. Kayan kabarin sarki Tutankhamun kuma suna babban gidan tarihin da aka buɗe a Nuwamba 2025, kimanin kilomita 2 daga dalar, amma haɗa shi da Giza a rana ɗaya sai mai ƙarfin ƙafa.