Motar yawon Aburi daga Nima: aiki mai kyau a ranar da ba ta dace ba

Yaran unguwarmu da ke shirya yawon washegarin Sallah daga Nima da Mamobi, a nan Accra, zuwa lambun Aburi sun cika rabin alkawarinsu. Tallar da suke turawa a WhatsApp ta ce iska mai sanyi da hutu. Sanyin mun sha. Hutun kam sai dai wani jiƙon.

Abin yabo dai akwai shi. Bas ɗin tsaf take, ba a cusa mu kamar a motar haya ta trotro ba, kuɗin da muka biya kuma ya haɗa da na shiga lambu da waakye, wato shinkafa da wake, mai zafi har da ƙwai da miyar barkono ta shito. Direban dattijo ne, ya san hawan nan na bayan Ayi Mensah, lanƙwasa bayan lanƙwasa, ga kwazazzabo a gefe, bai taɓa gwada wuce wata mota ba. Gwaggona mai hawan jini ta ce masa: "Baba, Allah ya yi maka albarka, yau ban riƙe kujera ba." Sun zo da tabarmi da butoci saboda azahar, abin da masu irin wannan sana'a ba su cika tunawa da shi ba.

Matsalar ita ce duk Accra ranar ɗaya ta zaɓa. Tun daga Adenta muke rarrafe, wajen Peduase Lodge, gidan hutun shugaban ƙasa, kuwa sai muka tsaya cik. Tafiyar da ba ta wuce awa ɗaya idan hanya a buɗe take ta cinye mana safiya ɗungurungum. Da muka shiga, layin dogayen itatuwan nan na bakin ƙofa, wanda kowa ke son hoto a ciki, ba masaka tsinke. Kowace tawaga da lasifikarta, kowa na son tasa ta danne ta maƙwabci. Ledojin ruwa a kan ciyawa, robobin abinci a gindin bishiya, yara kuma sun yi cincirindo a kan tsohon jirgi mai saukar ungulun da ke ajiye a ciki.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne babu wanda ya gaya wa yaranmu inda suke. An buɗe lambun nan a 1890, zamanin Turawan Ingila, a wurin da jami'ansu ke hawowa jinya saboda sanyin dutsen Akuapem. Daga nan aka riƙa raba wa manoma dashen koko, gonar Tetteh Quarshie ma, mutumin da ake cewa shi ya kawo koko ƙasar nan, tana Mampong, nan kusa. Mai yi mana jagora ya fara wannan bayani a gindin wani ƙaton rimi, kiɗa ya shanye muryarsa, ya haƙura. Ban ga laifinsa ba.

Mutanen garin fa? Masu sassaƙa a bakin titi da masu sayar da abarba sun yi ciniki, ba shakka. Amma wata mai abarba ta ce mini ranar hutu ko asibiti mutum zai je sai ya yi lissafin cunkoso, kuma mutanen Accra masu kuɗi na ta sayen filaye a kan dutsen, 'ya'yan gari na kallo. Tun 2019, shekarar da gwamnati ta gayyato baƙar fatan Amurka su dawo gida, watan Disamba ma haka yake cika.

Na faɗa wa shugaban tafiyar: "Ɗan'uwa, ka raba mutanenka, ka bar lasifika a gida, ka ba kowane layin kujera buhun shara." Ya yi dariya, ya ce ranar aiki wa zai biya?

Ni zan biya. Idan suka sa mota ranar Talata ko Laraba, a tashi bayan asuba, a rubuta sunana da na gwaggo. Washegarin Sallah kuwa, mai tsofaffi ko jarirai ya nemi wani wurin.