ipconfig ko netsh: wanne ne ke yanke intanet da gaske?

Malam, ka ce kwamfutocin shagonka na Ƙofar Kaura suna shanye maka data da zarar ka haɗa su da waya, kana neman umarnin da za ka rubuta a baƙin allo ka yanke intanet. Wani ya ba ka ipconfig, wani ya ce netsh. To, ba aikinsu ɗaya ba.

ipconfig /release adireshin IP kawai yake saki, wato lambar da ake gane kwamfuta da ita a hanyar sadarwa, wanda rauta ko wayarka ta ara wa kwamfutar. Katin sadarwa, wato na'urar da ke haɗa kwamfutar da intanet, yana nan a kunne, Wi-Fi ma yana haɗe. Labule ka saki, ƙofa kuwa tana buɗe. Da an kashe kwamfutar an kunna, ko yaron shago ya cire Wi-Fi ya sake haɗawa, sabon adireshi ya dawo. In da hannu aka rubuta adireshin, umarnin ba zai taɓa shi ba. IPv6, wato sabon nau'in adireshin IP, shi ma sai ka bi shi daban da /release6. Ni don gyara nake amfani da shi: intanet ya maƙale, in saki adireshi, in rubuta ipconfig /renew in karɓo sabo.

Shi kuwa netsh katin kansa yake kashewa. Sai ka buɗe baƙin allon, wato Command Prompt, da Run as administrator, in ba haka ba zai ƙi. Fara duba sunayen katunan:

netsh interface show interface

Kada ka tsallake wannan. A Windows 10 za ka ga Wi-Fi da Ethernet, amma tsofaffin kwamfutoci masu Windows 7, irin waɗanda suka cika shagunanmu, Wireless Network Connection da Local Area Connection suke rubutawa. In da kebul na USB ka jona wayar, wani kati daban za ta fito da shi, sau da yawa Ethernet 2. Sunan da ka gani shi za ka sa:

netsh interface set interface "Wi-Fi" admin=disable

Alamar Wi-Fi za ta ɓace daga ƙasan allo. Ko wuta ta ɗauke kwamfutar ta mutu, in ta tashi katin yana kashe, har sai ka maimaita umarnin da admin=enable. Don buƙatarka, wannan nake ba ka shawara. A Windows 8 zuwa sama, Disable-NetAdapter na PowerShell ma aikin nan yake yi.

Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka rubuta umarnin kashe kati a kwamfutar da kake sarrafawa daga nesa. Na taɓa yi ina Daura, ina duba ta wani abokina a Katsina ta AnyDesk. Ina danna Enter allon ya daskare, domin hanyar da na bi na shiga ita na toshe. Takardun mutane na jira a shagon, sai ta waya na riƙa karanta masa admin=enable harafi bayan harafi, raina bai kwanta ba sai da ya ce ta dawo.

In kuma sabuntawar Windows ce ke cin datar, kuma kana buƙatar intanet don cike fom ɗin ɗalibai, kada ka kashe katin. Shiga saitin Wi-Fi ɗin wayar ka kunna Metered connection, zai rage saukar da manyan fayiloli a ɓoye.