Wane littafi za ka saya kan gabar manyan gidajen Ingila?

Duk wanda ya tambaye ni yadda manyan Ingila suka fara cin naman juna kafin yaƙin neman sarauta tsakanin gidajen York da Lancaster ya ɓarke a ƙarni na 15, littafin R. L. Storey nake nuna masa, The End of the House of Lancaster, na 1966. Tsoho ne, amma daga tushe ya kamo zancen: rigimar gado da filaye tsakanin gidaje, ga Sarki Henry na 6 ba ya iya tsawatar wa kowa. A ciki za ka ga yadda a Agustan 1453 Egremont na gidan Percy ya tare 'yan rakiyar amaryar gidan Neville a Heworth, kusa da York, a watan da ciwo ya gusar wa sarki da hankali. Da ka kai fadan St Albans na Mayun 1455, inda aka kashe shugaban gidan Percy, ka riga ka san tsohon bashi aka biya. Haka ya bi gabar Courtenay da Bonville a Devon har zuwa kisan lauya Nicholas Radford.

Na Ralph Griffiths kan mulkin Henry na 6 ya kusa shafi dubu, a bar wa masu digiri. Na Alison Weir kuwa na hira ne kafin barci.

Sai a yi hattara da na Dan Jones. Littafin ba shi da laifi, amma suna biyu gare shi: The Hollow Crown a Ingila, The Wars of the Roses a Amurka. Na biya kuɗi sau biyu, mai sayarwa yana ta rantsuwa wai kashi na biyu ne.

Na Storey sau da yawa sai gwanjo, nan jabu ke shigowa. Wanda aka fara aiko min, hoton shafukan aka ɗauka aka ɗinke, gefen shafuka a yanke, rubutun ya dushe. Ga masu suna Richard har uku a labarin, masu sarautar York da Salisbury da Warwick, biyun ƙarshe uba da ɗa. In fihirisar baya ba ta karantuwa, ka ɓata. Kafin ka tura ko sisi, ka sa a turo maka hoton fihirisar da shafin da ke ɗauke da shekarar bugu.