Allura ko Ƙwaya: Idan Methotrexate Ya Gaza a Kan Amosanin Gaɓɓai

Masu fama da amosanin gaɓɓai mai kumburi sun sha tambayata: idan an sha methotrexate, maganin da aka saba farawa da shi, wata da watanni amma har yanzu yatsu ba sa iya ɓalle maɓallin riga da safe, allurar da ke toshe TNF (wani sinadarin jiki mai haddasa kumburi) za a nema, irin adalimumab, ko ƙwayar da ke toshe JAK (wani sinadari mai isar da saƙon kumburi a jiki), irin tofacitinib?

Wajen sauƙi dai ƙwayar ce gaba. A haɗiye da ruwa, shi ke nan. Adalimumab kuwa ana yin ta a ƙarƙashin fata duk mako biyu, kuma dole ta zauna a firiji.

Inda hankalina ya fi tsayawa shi ne haɗari. Dukansu suna rage ƙarfin garkuwar jiki, shi ya sa ake gwajin tarin fuka da ciwon hanta kafin a fara. Amma a 2021 hukumar magunguna ta Amurka ta tsananta gargaɗi a kan ƙwayoyin JAK, bayan wani bincike a kan 'yan shekara 50 zuwa sama masu haɗarin ciwon zuciya ya nuna ƙarin matsalar zuciya, ciwon daji da daskarewar jini. Allurar tun 2002 ake amfani da ita, an san halinta. Aibinta, jiki kan ƙirƙiro abin da zai yaƙe ta har ƙarfinta ya ragu, don haka ake yawan haɗa ta da methotrexate.

Duka biyun da tsada, kodayake kwatankwacin adalimumab da wasu kamfanoni ke yi sun sauke farashinta.

Dattijo, mai shan taba, da mace mai neman haihuwa, allura ta fi dacewa da su. Matashin da zuciyarsa ke lafiya, wanda allura ta gaza masa, ya tattauna batun ƙwayar da likitansa.