Wane borek za ka saya a Istanbul?

Duk wanda ya je sarin kaya unguwar Laleli ko Aksaray a Istanbul ya ga shagunan borek. Tun da sassafe suke buɗewa, manyan faranti jere a bayan gilashi, mai shago na datsawa da wuƙa yana ɗorawa a sikeli. Da kullun fulawa ake yin sa, wanda Turkawa ke kira yufka. Ana murza shi har sai an hango hannu ta cikinsa, a jera falle-falle ana shafa man shanu, a zuba haɗi a tsakiya, sannan a gasa. Sai dai ba iri ɗaya ba ne, kuma baƙo kan nuna wanda ya fi kusa da shi kawai.

In kana sauri, nemi kol borek. Doguwar naɗi ce da ake lanƙwasawa a faranti, bayanta ƙamas-ƙamas, cikinta laushi. Kalmomi huɗu sun ishe ka ciniki: kiymali mai niƙaƙƙen nama da albasa, peynirli mai cuku, ispanakli mai alayyafo, patatesli mai dankali. Ni mai naman nake zaɓa, muddin yanzu aka fito da shi daga tanda. Idan ya huce, kitsen kan daskare ya kama dasashi. Na unguwar Sariyer, can bakin mashigin Bosforus, ya yi suna, kuma sukan sa ƙananan busassun inabi a cikin naman. Wanda ba ya son zaƙi a nama ya tambaya tukuna.

Wanda ake kira su borek kuwa (su na nufin ruwa a Turkanci) sai an zauna. Kowane falle sai an tsoma shi a tafasasshen ruwa, a tsame a sa a ruwan sanyi, kafin a jera da farin cuku da ganyen fasli. Wannan wahalar ce ta sa yakan fi tsada, ita ce kuma ta sa yake da taushi da nauyi a ciki. Dubi gefen da aka yanka: in ka ga falle a kan falle a rarrabe, saman ya yi ja, an yi aiki. In ya cakuɗe ya zama dunƙule, wuce shago na gaba. Shi ne kuma ya fi jure ɗauka zuwa masauki, don ko ya huce yana ciyuwa.

Sigara borek ƙanana ne, naɗaɗɗu, soyayyu, kusan kamar sambusa, sun dace da yara. Kurt borek ba komai a cikinsa, garin sukari ake barbaɗa masa, kada ka saye shi da niyyar cin nama.

Mai nama ya fi tafiya da ayran, wato nono da aka tsinka da ruwa da ɗan gishiri. Mai cuku kuwa sai baƙin shayi a ɗan kofin gilashi. Ka je kafin ƙarfe 10 na safe, ka tsaya inda ma'aikata suka yi layi, don farantinsu ba ya daɗewa bai ƙare ba.